Anaruwa da Na'urorin Kan Dutse

Ku gyara zama ku ji ta wani mutum da ake kira Anaruwa.

A gindin Dutsen Maikurciya akwai wani ƙauye, Marke Biyu, wanda gidajensa suka jeru a bakin kwazazzabon da ya gangaro daga kan dutsen. A gidan ƙarshe, wanda ya fi kusa da hanyar hawa, nan Anaruwa yake zaune da mahaifiyarsa Iya Kuluwa, da matarsa Ladingo, da jakinsu mai yankakken kunne. Ƙato ne majiyin ƙarfi, ba ya ƙarya, ba ya ɗaukar abin wani. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka take shiga kunnensa, ba ya juya ta ya duba bayanta. Ranar da aka kai masa amarya kawunsa ya ce, “Ka riƙe ’yar mutane hannu bibbiyu.” Ya kama damtsen Ladingo da hannu biyu, bai saki ba sai da aka taso kawun daga gona ya zo ya ce ya isa haka. Tun daga ranar Ladingo ta koyi tauna magana kafin ta miƙa masa. Iya Kuluwa kuwa, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a ɗaki, takan ce, “Ɗan nan ba wawa ba ne. Mutane ne ba sa faɗin abin da suke nufi.”

Wata rana da farkon damina sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidan Mai unguwa Barmo. Wata mata ta fito, malamar jami'a ce daga birni, ana ce mata Dakta Zulai. Bayan an gaisa ta ce sun zo neman izini ne su kafa na'urori a kan dutse, masu auna ruwan sama da iska, da masu ɗaukar hoton namun daji. Ta ce aikin ba na shekara ɗaya ba ne, ba na biyu ba, ko bayan ransu wasu za su ci gaba, don a san yadda dutsen ke sauyawa. Dattawa suka dubi juna. Sarkin Baka Jatau, wanda ya san kowane kogo na dutsen nan, ya karkata ya raɗa wa na kusa da shi, “Wanda ya ce zai auna ruwan sama, ba ruwa yake nema ba.” Kafin motar ta bar gari magana ta zaga. Wasu suka ce zinariya ake shinshinawa, wasu suka ce gwamnati ce za ta ƙwace dutsen. Da Dakta ta nemi mai gadi kowa ya noƙe. Sai Mai unguwa ya ce a ba ta Anaruwa. Da baƙi suka juya baya ya ce wa dattawa, “Duk abin da suka ƙulla, shi zai kwance mana, bai ma san ya kwance ba.”

Wata rana Dakta Zulai ta hau da Anaruwa kan dutse, ta nuna masa ma'aunin ruwa, wani dogon gwangwani mai mazurari a baka. Ta ce, “Aikinka ka sa ido a kan wannan.” Ya ce, “To, ranki ya daɗe.” Tana gangarawa ya sunkuya ya ɗora idonsa a bakin mazurarin. Haka yake yi kullum tun hantsi har faɗuwar rana. In hadari ya taso ya ƙara dannawa, ruwa ya yi ta dukan ƙeyarsa yana gangara ta cikin riga. Kafin mako ya zagayo wata baƙar da'ira ta fito masa a gefen ido. Mata a rafi suka ce ai ga shi nan, sun yi masa lamba irin ta shanu. Da Dakta ta dawo ta tarar da gwangwani kusan a bushe, alhali ko'ina laka ce. Ta dube shi sama da ƙasa.

“Kai kake zubar da ruwan?”

“Ban taɓa shi da hannu ba, ranki ya daɗe.”

“To ina ya tafi?”

“Bayana ya bi. Dama ina so in tambaya, ko zan iya sa na hagu? Na dama ya gaji.”

Dakta ta daɗe tana kallon da'irar nan kafin ta gane. Ta ce ya ɗauke idonsa, abin da take so kawai shi ne ya kula da gwangwanin kamar ɗan cikinsa.

Wata rana, bayan wannan da kaɗan, hadari ya haɗo ya yi baƙi ƙirin. Anaruwa yana gona, ya yar da fartanya ya hau dutse a guje. Ya tuge gwangwanin, ya goya shi da zanen Ladingo, ya kawo shi gida ya kwantar a tabarma kusa da murhu. Ladingo ta ce, “Maigida, wannan fa?” Ya ce, “Wa zai bar ɗansa a cikin ruwa?” Aka yi rashin sa'a, daga wannan ruwan sai sama ta ɗauke, gero ya fara lanƙwasa kunne. Ba a jima ba aka ji cewa na'urar baƙi tana kwance a ɗakin Anaruwa an lulluɓe ta, aka ce to ga inda aka ɗaure ruwan. Jatau ya jawo dattawa suka yi sallama. Iya Kuluwa daga kan gadonta ta ce, “Ku yi a hankali, jikana yana barci.” Jatau ya yaye zanen, ya kifa gwangwanin, ko ɗigo bai fito ba. Ya girgiza kai ya ce, “Ya shanye.” Sai da aka aika wa Dakta ta zo ta mayar da shi inda yake da hannunta. Ta ce wa Anaruwa, a hankali kamar mai lallashin yaro, wannan ɗan a cikin ruwa aka haife shi, ruwa yake so. Anaruwa ya yi murmushi ya ce, “Ashe gado ya yi. Ni ma Iya ta ce ana ruwa aka haife ni.” Bayan kwanaki ruwa ya dawo. Mutanen Marke Biyu dai sun lura cewa sai da aka mayar da gwangwanin.

Wata rana Dakta ta ɗaure wani ɗan akwati a jikin bishiyar kanya, a hanyar da dabbobi ke bi zuwa shan ruwa. Ta ce tarko ne, amma hoto yake kamawa, kuma warin mutum yana korar dabbobi, saboda haka kada ƙafar kowa ta taka wurin. Da yamma Anaruwa ya faɗa a dandali cewa sun kafa tarkon da ke kama dabba ba igiya ba rami. Jatau ya tashi zaune. Shekarun nan nama ya yi ƙaranci a dutse, gada sai an wahala, yanzu kuwa ya ga dalili. Da safe ya tare Anaruwa a hanya.

“Kai ni in ga tarkon nan.”

“Baba Sarki, an ce kada ƙafar kowa ta taka.”

“An ce kada a goya mutum?”

Anaruwa ya yi tunani ya ce ba a ce ba. Ya tsuguna, Sarkin Baka ya haye bayansa da gemu da gafaka, suka tafi. Jatau ya leƙa idon akwatin, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne ko zai ji motsin kofato. Da Dakta ta zo ta tara mutane a ƙofar Mai unguwa don ta kwantar musu da hankali, ta buɗe kwamfuta tana nuna abin da tarko ya kama. Ga gada, ga birai da ’ya'yansu, ga beguwa, ga kura tana wucewa. Sai ga wani ƙaton hanci ya cika fuskar kwamfutar, sai kuma ga Sarkin Baka a goye kamar jinjiri. Dandali ya kece da dariya. Jatau bai yi ba. Ya nuna hoton da sanda ya ce, “Kun gani ko? Yanzu ni ma ina ciki.” Dakta kuwa ta ja Anaruwa gefe, don ta fara zargin ya haɗa baki da maharba yana nuna musu hanyar nama. Ya ce, “Ki duba hoton da kyau, ranki ya daɗe. Ƙafarsa ba ta taka ba.” Ta tambaye shi tasa ƙafar fa. Ya dubi ƙasa ya ce, “Ni ba kowa ba ne.”

Wata rana a cikin hotunan aka ga wutsiyar wata dabba mai dabbare-dabbare tana shigewa bayan dutse. Dakta ta ɗauka damisa ce, wadda aka daɗe ba a ji ɗuriyarta ba a ƙasar nan. Ta miƙa wa Anaruwa wayar hannu ta ce, “Duk sawun da ka gani a can sama, ka ɗauko mini shi da wannan.” Ya juya wayar ya ga tana da faɗi, bakinta kuma ba laifi. Washegari ya ɗauki ƙoren Ladingo ya hau. Duk inda ya ga sawu a laka sai ya soka wayar ta ƙarƙashi ya ɗago shi ɗungurungum ya ajiye a ƙwarya. Ya ɗebi na biri, ya ɗebi na gada, ya ɗebi na akuya. Ya ci karo da sawun takalmin Mai unguwa, wanda ya saci jiki ya hau jiya don ya ga abin da ake yi, shi ma ya ɗebe. Wata mai itace ta hango shi, ta yar da ɗaurinta ta gangara. Kowa ya san abin da ake yi da sawun mutum in an ɗebe shi. A ranar Mai unguwa ya ji ƙafarsa ta yi nauyi. Mutanen Marke Biyu suka koma tafiya suna jan reshe a bayansu, mata suna share ƙofar gida bayan kowane mai wucewa, maƙwabci yana kallon hannun maƙwabci. Da Dakta ta iso ta tarar da ƙore jere a zaure, wayarta kuma ta cika da laka har kunne. Mai unguwa ya ce ba ya son dogon bayani, a ba shi sawunsa. Anaruwa ya duba, lakar duk ta bushe ta farfashe, ya zaɓi ƙwarya ɗaya ya miƙa. Mai unguwa ya kai gida ya binne a tsakar ɗaki, ƙafa ta saki. Da dare ya yi nisa, Anaruwa ya ce wa Ladingo yana jin na biri ya ba shi. Ta ce, “Maigida, wannan maganar ta mutu a ɗakin nan.” Ya ce, “To, Allah ya jiƙanta.”

Wata rana aka kawo wata na'ura mai ƙugi kamar sauro, da wani farin ƙyalle a cikinta. Dakta ta ce tana zuƙar iska ne, duk dattin da ke ciki ya maƙale a ƙyallen, ta haka ake sanin ko iskar dutsen tana da tsabta. Kalmar nan ta iska ta tayar da hankalin gari fiye da komai, don tun kaka da kakanni an san dutsen nan yana da masu shi. Tsofaffi suka ce yau ga waɗanda suka zo kama iskokai su zuba a kwalba. Dakta ba ta ji wannan ba. Ta ce wa Anaruwa, “Kada ka rufe ta. Kullum sai ta sha iska.” Da la'asar ta yi sanyi sai ya kwance ta da batirinta, ya ɗora wa jaki, suka fita shan iska. Ranar kasuwa ya kai ta wajen mai tsire, suka tsaya ta ga mutane, suka biyo bayan ’yan acaɓa. Da ya ga ta saba da gari sai ya fara zagayawa da ita bayan dutse. Lokacin da Dakta ta buɗe na'urar, ƙyallen ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

“Wa ya taɓa wannan?”

“Ba kowa. Ni kaɗai nake fita da ita.”

“Fita ina?”

“Kasuwa, da bakin rafi. Amma ta fi son wajen masu gawayi, can ta fi ƙugi.”

Dakta ta ce ba ta san da masu gawayi a dutsen nan ba, ya kai ta. Suka zaga ta wata siririyar hanya har suka ɓullo saman kwazazzabo, daidai bisa kan gari, inda ba a hangowa daga ƙasa. Wasu baƙi da ba a san daga ina suke ba sun sare itatuwan gangaren kakaf, sun ƙone, sun yi gaba. Sai kututture da toka. Dakta ta manta da faɗan da ta zo yi. Ta yi ta zagaya wurin, ta tsaya a kan wata tsaga a ƙasa, mai faɗin tafin hannu, ta bi ta da ido har inda ta ɓace a ciyawa. Ta sa aka sassaƙo turaku, ta kafa su a jere a miƙe, ta ba Anaruwa wata wayar, ta nuna masa inda ake dannawa in ta yi ƙara. Ta ce, “Kullum ka zo ka duba. In ka ga sun motsa, ka faɗa mini nan take.”

Wata rana Anaruwa ya hau ya tarar turakun tsakiya sun bar layi sun gangara. Ya zauna ya zuba musu ido har azahar, ko ɗaya bai motsa ba. Ya ce lalle wani ne ya yi wannan aika-aika. Ya tuge su ya mayar layi. Washegari haka, jibi ma haka. Ya je ya sami Jatau a inuwa ya ce, “Baba Sarki, kai ne kake matsar da turakun Dakta?” Jatau ya ce shi da zai taɓa su ai ƙona su zai yi, kuma a tambayi mai turakun me take aunawa a saman gidajen mutane. Anaruwa ya bi gida gida yana tambaya, kowa ya rantse, kowa kuma ya faɗi sunan wanda yake zargi. Wasu suka ce masu dutse ne suke nuna fushinsu. Ana cikin haka, ruwa kuma yana ta sauka ba ƙaƙƙautawa, sai wayar ta yi ƙara.

“Anaruwa, turakun sun motsa?”

“Ban ga sun motsa ba, ranki ya daɗe.”

“Madalla.”

“Sai dai kullum ina tarar da su a wani wuri, in mayar.”

Nan take Dakta ta ce tana nan tafe.

Ta iso a jiƙe, ta zarce wurin Mai unguwa da dattawa. Ta ce ƙasar gangaren nan tana zamewa, ma'auninta ya nuna ruwan bana ya yi yawa, kuma babu saiwar da za ta riƙe ƙasar. Ta ce kafin damina ta ƙare ya kamata gidajen bakin kwazazzabo su tashi. Jatau ya yi wata ’yar dariya ya ce, “To, yau an zo wurin. Mu tashi, a tona ƙarƙashin gadajenmu.” Mai unguwa ya ce kakanninsu a nan aka binne su, dutsen bai taɓa taɓa kowa ba. Dakta ta roƙi a bar ta ta yi wa kowa bayani da bakinta, gobe da hantsi, a filin makaranta da ke kan tudu a ƙetaren rafi. Mai unguwa ya ce mai so ya je, shi ba zai hana ba, ba zai kuma kira ba.

Wata rana, ita ce washegarin, ruwa ya ɗauke da safe, rana ta leƙo. Dakta Zulai ta jera hotunanta a filin makaranta ta zauna. Hantsi ya yi, ba kowa sai ita da Anaruwa da jaki. Ranta ya ɓaci, ta ce, “Je ka taro mini mutanen garin nan gaba ɗaya. Kada ka bar ko kaza a gida.” Anaruwa ya ɗaura wa jaki amalanke ya gangara. Ya fara da mutane, kowa ya ba shi uzuri: wannan zai je gona, wannan tana daka, wannan ya ce ba ya zuwa taron da ba a faɗi abin da za a raba ba. Anaruwa ya tsaya a tsakiyar gari ya yi tunani. Mutum yana da baki, kaza kuwa ba ta da hujja. Ya ce bari ya fara da mai sauƙi. Ya ɗauko kwanduna, ya shiga gidan farko ya kwashe kajin akurki, ya shiga na biyu. Ya lura cewa in ba a yarda a bar kaza ba, ai wanda ya fi kaza ma ba a yarda ba, sai ya bi turaku yana kwance awaki da tumaki yana kora su gaba. Wata mata ta fito daga madafi ta ga akurki wayam, ta ƙwala ihun ɓarawo. Kafin ka ce me, mata sun fito da muciya, maza da sanduna, yara a baya suna murna. Anaruwa yana gaba da amalanke cike da kaji suna kyarkyara, garin Marke Biyu kaf yana binsa, suka ƙetare rafi suka haye tudu.

Dakta ta ɗaga kai ta ga taron da ba ta taɓa zata ba, sai dai ba wanda ya zo jin bayani. Anaruwa ya kife kwanduna a gabanta ya ce, “Ga su nan, ranki ya daɗe, saura kaɗan.” Kaji suka watse a fili suka cakuɗe. Nan aka manta da ɓarawo, aka shiga rabon kaji. Wannan ta ce kazar nan wake-wake tata ce, waccan ta ce tun tana ’yar tsako ta san ta. Wani ya ce dama ya daɗe yana zargin zakaransa da ya ɓata yana gidan maƙwabcinsa, ga shi yau Allah ya tona. Mai unguwa ya iso yana haki, aka kewaye shi da shari'a. Dakta tana ɗaga hoton tsagar ƙasa, ba mai kallo. Shi kuwa Anaruwa ya sulale ya koma gari, don aiki bai ƙare ba. Ya kwaso tsofaffi da marasa lafiya a amalanke, da wata mai jego da jaririnta, wadda ta yarda ta hau don ta ji an ce akuyarta tana can. Ladingo ta ce, “Maigida, Iya ma?” Ya ce, “Iya ta fi kaza.” Ya ɗora ta a kan katifarta, Ladingo tana riƙe da ita. Jatau ne kaɗai ya rage, zaune a ƙofar gidansa da bindiga a cinya, ya ce shi zai ga wanda zai zo tona. Amma da gari ya yi tsit, hayaniya kuma tana tashi daga tudu, sai zuciyarsa ta raya masa cewa wani abu ake rabawa a can an ware shi. Ya saɓa bindiga ya bi bayan amalanke.

Yana sa ƙafa a filin makaranta aka ji wata ƙara daga kan dutse, kamar tsawa amma daga ƙasa. Kaji suka yi shiru kafin mutane. Kowa ya juya. Gangaren da aka sare ya ɓalle gaba ɗaya, jar ƙasa da duwatsu da kututture suka biyo kwazazzabo, suka shiga gari ta gidan Anaruwa. Ana kallo rumbuna suka kife, katangu suka kwanta, bishiyoyin marke biyun da garin ya ci sunansu ɗaya ta tafi. Ba a daɗe ba komai ya lafa, sai laka tana malala a inda gidaje suke.

Sannan iyaye mata suka fara kiran sunayen ’ya'yansu, ana amsawa. Mai unguwa ya bi mutane gida gida da baki, yana kiran mai gida da iyalinsa, har ya kai ƙarshe. Ba wanda ya ɓace. Dakta Zulai ta zauna a ƙasa, hotunan sun zube daga hannunta, tana cewa ita ta ɗauka akwai sauran makonni. Jatau ya buɗe baki ya ce, “Ko dai su ne suka...” Ya dubi inda ƙofar gidansa take ɗazu, ya haɗiye sauran.

Mai unguwa ya kira Anaruwa ya ce, “Wa ya faɗa maka dutsen zai faɗo yau?”

“Ba wanda ya faɗa mini, ranka ya daɗe. Cewa aka yi kada in bar ko kaza.”

Ya sunkuya ya kama wata jar kaza da ke tsattsagar ƙasa kusa da ƙafarsa, ya duba ta, ya ce, “Wannan ta gidanka ce. In an gama taron, ina zan mayar da ita?”

Mai unguwa ya dubi lakar, ya dubi tudun da suke tsaye a kai. Ya ce, “Ajiye ta nan. Inda ka ajiye ta, nan ne gidan.”

Anaruwa ya zaga ya sami wuri mai inuwa ya ajiye ta. Ya koma ya kamo ta gidan liman ya ajiye a gefe, ya kamo ta maƙeri ya kai can nesa saboda hayaƙi. Mutane suna tsaye suna kallonsa, sai ga kowa ya bi kazarsa ya tsaya inda aka sauke ta. A nan aka kafa sabon gari, kuma har yau in baƙo ya tambayi dalilin da ya sa lungunansa suka karkace, sai a ce masa kaji ne suka yanka filayen.

Nan na sauke tawa. Wanda yake shakka ya hau tudun ya tambaya, amma ya tauna tambayar kafin ya yi ta, don mai gadin yana nan.